Yaya kamfanin magunguna zai riƙe ƙwararrun ma'aikatansa a Kaduna?

Jami'in Ma'aikata ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina kula da sashen ma'aikata a wani matsakaicin kamfanin harhaɗa magunguna a nan Kaduna, inda muke yin magungunan ruwa na yara da wasu ƙwayoyi na yau da kullum. Na kawo tambayata nan ne domin na san akwai masu harhaɗa magunguna da masanan sinadarai da suka daɗe a wannan sana'a fiye da ni.

Tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, muka shiga wani hali wanda har yau ba mu fita ba. Dala da ake saye a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan dukkan sinadaran da muke aiki da su daga Indiya da Sin ake shigo da su. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda ake ba wuta mafi yawan sa'o'i a rana, zuwa naira 225 a kowane yunit, ga kuɗin dizal na janareta. Duk wannan masu kamfani sun iya jurewa. Abin da ke neman durƙusar da mu shi ne tafiyar mutane. Wanda ya fi kowa iya sarrafa na'urar HPLC, wadda ke auna yawan sinadarin da ke cikin magani, a ɗakin gwajinmu ya koma wani kamfani a Ota ta Jihar Ogun, mai harhaɗa magungunan da ke shugabantar sashen tabbatar da inganci ta ci jarrabawar neman lasisin aiki a Kanada ta tafi, wani kuma ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji a Abuja. Mun ɗauki sababbi masu takardu masu kyau daga Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna, amma aikin da ake gamawa a yini ɗaya yanzu yana cin kwanaki, kuma zubin magani, wato adadin da aka haɗa a karo ɗaya, yana zaune a sito yana jiran sakamakon gwaji.

Na yi zaton da kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, Sanofi kuma ya bi sahu a ƙarshen shekarar, za a samu ƙwararru da yawa a kasuwa suna neman aiki. Ko an samu, ba su hauro Arewa ba.

Masu kamfani sun ba da shawarar cewa duk wanda za a tura horo daga yanzu sai ya sa hannu a yarjejeniyar zama na shekara biyar, idan ya karya ya biya kuɗi mai yawa. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Shin akwai wanda ya gwada ya ga amfaninta? Kuma ta yaya kamfanin da ba zai iya gogayya da albashin Legas ba, balle na Ingila, zai hana ilimin aikinsa fita tare da masu fita?

Dattijon Kakuri ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi aiki a sashen sarrafa magani har na yi ritaya, saboda haka zan fi ba da ƙarfi ga ɓangare na biyu na tambayarka, domin a ganina shi ne wanda ke hannunku. Ba za ku iya hana matashi mai takardar harhaɗa magunguna sha'awar Kanada ba. Abin da za ku iya shi ne ku tabbatar cewa ranar da ya tafi, abin da ya sani bai shiga jirgi tare da shi ba.

Masu kamfani da yawa suna ɗauka cewa tun da akwai rubutattun ƙa'idojin aiki da takardar tarihin kowane zubi, kamar yadda NAFDAC ta wajabta, to ilimin yana cikin kabad. Abin da ke cikin kabad shi ne abin da za a nuna wa sufeto. Ɗauki misalin buga ƙwaya a garin nan. Takarda za ta gaya maka yawan ruwan haɗi da za a zuba a garin magani, da tsawon lokacin busarwa, da iyakar danshin da ake so ya rage a tsakin maganin. Takardar ba za ta gaya maka cewa a watan Janairu, lokacin da iskar hunturu ta busar da komai, tsakin yana wuce gona da iri wajen bushewa idan na'urar daidaita iskar ɗakin ta yi rauni, sai ƙwaya ta riƙa ɓarewa daga sama kamar an cire mata hula ba. A watan Agusta kuma, da damina ta yi nisa, wannan garin maganin dai shi ne zai riƙa manne wa bakin ƙarfen da ke buga shi, tambarin da ke jikin ƙwayar ya fito a dagule. Tsohon mai injin yana damƙar tsakin a tafin hannunsa, cikin safar hannu, ya matse ya saki, ya gaya maka ko zai bugu ko ba zai bugu ba tun kafin sakamakon awon danshi ya dawo. Yana jin sauyin ƙarar injin daga bakin ƙofa ya san ƙarfe ɗaya ya fara cinyewa. Wannan mutumin sau da yawa difloma gare shi daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko ma takardar sakandare kawai, kuma sunansa ba ya cikin jerin waɗanda ake tsoron tafiyarsu, alhali tafiyarsa ta fi ta manaja ciwo.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne a mayar da koyarwa wani ɓangare na aikin da ake biyan mutum dominsa. Kowace na'ura mai muhimmanci, da kowace hanyar gwaji, a samu aƙalla mutum biyu da aka tantance a rubuce cewa sun iya ta, na biyun kuma ya riƙa yin aikin da hannunsa a kai a kai, domin wanda ya tsaya yana kallo bai koya ba. A ba tsohon hannu alawus na musamman a kan kowane yaro da ya yaye, kuma kada a ƙara wa kowa girma sai ya nuna wanda zai iya zama a kujerarsa. Dalilin wannan sharaɗi shi ne akwai ma'aikatan da ke ɓoye abin da suka sani da gangan, saboda sun lura cewa a wurin da suke, wanda ba a iya yi sai da shi ne kaɗai ba a kora. Ba na ganin laifinsu sosai. Laifin na shugabannin da suka koya musu hakan ne.

Sai kuma rahoton matsala. Duk lokacin da zubi ya kauce wa ƙa'ida, ana buɗe bincike a rubuta musabbabi. A kamfanoni da dama abin da ake rubutawa shi ne kuskuren ma'aikaci, an sake ba shi horo, a rufe fayil. Rahoto irin wannan bai koya wa kowa komai ba. Idan aka rubuta gaskiyar abin da ya faru, wane sinadari ne daga wane dillali, a wane wata, me aka gwada bai yi ba, me aka gwada ya yi, to bayan 'yan shekaru kamfani zai mallaki littafin da babu jami'ar da za ta iya ba shi. Haka nan bayanan gwajin daɗewar magani. Najeriya tana cikin yankin zafi da laima, inda ake ajiye samfur a ma'aunin zafi digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari na tsawon rayuwar maganin, a kuma yi gwajin gaggawa a zafi 40 na wata shida. Gwaji ne da ke ɗaukar shekara biyu ko uku, wato ya fi zaman wasu ma'aikatan tsawo. Idan wanda ya fara shi ya tafi da jadawalin cire samfur a kansa ko a kwamfutarsa, za ku farga ne ranar da kuka je sabunta rajista.

Mu da muka girma a kudancin garin nan mun ga yadda ƙwarewa ke mutuwa. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, sauran masaƙun Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. An sha maganar farfaɗo da su, kuma kullum lissafin injina da wutar lantarki ake yi. Makanikan da suka san waɗannan injina sun koma acaba da kasuwanci, da yawa sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba su bar wa kowa abin da suka sani ba domin babu wurin da za su koyar da shi.

Mai Gwaji daga Barnawa ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa a kan yadda za a adana ilimi, amma ina neman afuwa in ce ya yi saurin sallamawa cewa mutane za su tafi ko ta yaya. Ni ina cikin waɗanda suka ajiye aiki a ɗakin gwajin wani kamfani, kuma ban bar ƙasar ba, ban ma bar Kaduna ba. Albashin da na koma bai fi wanda na bari da wani abin kirki ba.

Abin da ya kore ni shi ne sa hannu. Mai gwaji yana zaune da sakamakon da ya nuna cewa sinadarin da ke cikin maganin bai kai adadin da aka rubuta a kwalba ba, ko ƙwayar ba ta narke a lokacin da ya kamata ba, sai manajan kasuwanci ya shigo ya ce mota tana jira a waje, dillali a Kano ya riga ya biya, a sake gwadawa. A sake gwadawa a irin wannan yanayi ma'anarta a yi ta maimaitawa har a samu lambar da ake so, a jefar da sauran. Wanda ya san aikinsa ya san cewa wannan haramun ne a ƙa'idar sana'a, kuma ya san sunan wa ke kan takardar. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu a ƙasar nan bayan shan maganin haƙori na My Pikin, wanda aka samu gubar diethylene glycol a cikinsa. Da kotun tarayya a Legas ta yanke hukunci a 2013, ma'aikata biyu na kamfanin ne aka ɗaure shekara bakwai-bakwai. A 2022 irin wannan guba ta kashe yara kusan 70 a Gambiya ta hanyar magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Ku da kuke yin maganin ruwa na yara, Malam, wannan ya shafe ku kai-tsaye, domin gubar tana shigowa ne ta gurɓataccen propylene glycol ko glycerin, sinadaran da ake narkar da maganin ruwa a cikinsu, kuma takardar shaidar da dillali ya haɗo da ganga ba ta isa hujja ba, sai an gwada kowace ganga da na'urar da ta dace. Ƙwararren da ya nemi a sayi abin gwajin aka ce babu kuɗi, sannan aka ce ya sa hannu a saki kaya, zai fara neman wani aiki a daren ranar, kuma mafi ƙwarewa shi ne zai fara samu.

Saboda haka tambayar da zan yi maka ita ce: shugaban sashen inganci a wurinku wa yake kai wa rahoto? Idan a ƙarƙashin manajan sarrafawa yake, ko kuma mai kamfani yana iya soke hukuncinsa ta waya, to an saɓa wa ƙa'idar kyakkyawan tsarin sarrafa magani, wadda ta ce sassan biyu su kasance masu cin gashin kansu, kuma babu alawus ɗin da zai zaunar da mutumin kirki a wannan kujera.

Akwai kuma rashin matakalar ƙarin girma. Dokar Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ta sa dole a samu mai harhaɗa magunguna mai lasisi da zai zama mai kula da harabar kamfani, kuma wannan daidai ne. Sai dai a aikace abin ya zama cewa masanin sinadarai ko masanin ƙananan halittu, komai daɗewarsa da iyawarsa, yana ganin yaron da ya gama hidimar ƙasa jiya an ɗora shi a kansa. Idan mutum ya fi kowa iya na'ura, hanyar ci gabansa kada ta zama sai ya bar na'urar ya koma ofis yana rubuta jadawalin hutu. A yi matakan girma na masu aikin hannu, babban mai gwaji ya iya kai albashin manaja yana nan a kan bencinsa.

Ƙaramin abu na ƙarshe, wanda maza ba su cika lura da shi ba: mata suna da yawa a ɗakunan gwaji, kuma su ne suka fi zama idan an kyautata musu, domin iyali sun ɗaure su a gari. Motar ma'aikata da za ta kai mutum Kawo ko Rigasa ko Sabon Tasha bayan aikin yamma, da sassauci ga mai shayarwa, sun riƙe mata da yawa da na sani fiye da ƙarin 'yan dubbai a albashi.

Akanta Mai Ritaya ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma kada a fahimci maganarta a matsayin cewa kuɗi ba kome ba ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024. Kamfanoni da yawa sun ɗaga na ƙasa domin bin doka suka bar na tsakiya yadda yake, har tazarar da ke tsakanin mai shara da mai gwajin da ya shekara biyar ta zama abin kunya. Na tsakiyar nan su ne kuke asara.

Ina ba ka shawara, Malam, ka zauna da akantanku ku lissafa wa masu kamfani abin da tafiyar mutum ɗaya ta ci: kayan da suka zauna a sito, samfurin da aka kai gwaji waje aka biya, zubin da ya lalace, injiniyan da aka ɗauko daga Legas da kuɗin jirgi da masauki domin gyaran da wanda ya tafi yake yi da kansa. Masu kuɗi sun fi jin wannan harshe. Ku daina kuma ɗabi'ar ƙara wa mutum albashi sai ranar da ya kawo takardar ajiye aiki, domin darasin da sauran ke ɗauka shi ne hanyar samun ƙari ita ce neman aiki a wani wuri.

Akwai kuɗin da kuke da haƙƙi a kansa wanda wataƙila ba ku karɓa. Kamfani mai yawan ma'aikata irin naku yana biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashinsa ga asusun horar da ma'aikata na ITF, kuma doka ta ba da damar a mayar masa da har rabin abin da ya biya idan ya yi horon da asusun ya amince da shi ya kuma kawo shaida. Sannan umarnin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2024 ya ɗauke harajin shigo da kaya da na VAT a kan wasu injina da sinadaran haɗa magani na shekara biyu. Idan kamfaninku ya amfana, ya dace wani kaso na rarar ya sauka a kan mutane. Ku tabbatar kuma kuɗin fansho, kashi 10 na kamfani da kashi 8 na ma'aikaci, yana shiga asusun kowa a kan lokaci. Ma'aikata suna ganin saƙon a wayoyinsu, kuma idan wata uku suka wuce shiru, sun san halin da kamfani ke ciki ko ba a gaya musu ba.

Jami'in Ma'aikata ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, amsar tambayarki ita ce a takarda sashen inganci yana kai rahoto ga shugaban kamfani kai-tsaye, amma zan duba yadda abin yake a aikace, domin ban taɓa tambayar waɗanda suka tafi wannan ba. Har yanzu dai ina jiran ra'ayi a kan yarjejeniyar shekara biyar, saboda ita ce za a tattauna a zaman shugabanni mai zuwa. Baba, ko kana da abin cewa?

Dattijon Kakuri ya amsa:

Ina da shi, Malam. Yarjejeniya ba laifi ba ce idan ta yi daidai da abin da aka kashe. Idan kamfani ya biya wa mutum kwas mai tsada a Legas ko a Indiya, adalci ne a ce ya zauna shekara ɗaya ko biyu, idan kuma ya tafi kafin nan ya mayar da kason kuɗin da ya rage, ana rage bashin wata bayan wata. Shekara biyar da tara mai nauyi a kan horon mako biyu kuwa, abin da za ta jawo shi ne masu ƙwazo su ƙi zuwa horon, ragwaye su karɓa. Wanda ya samu bizar Ingila zai biya tarar ya wuce, ko ya tafi bai biya ba, ku kuma ba za ku bi shi kotu ba. Kada kuma ku yarda da shawarar riƙe takardun makaranta na asali, wadda na san wani zai kawo a zaman naku. Labarin yana isa Zariya kafin ɗaliban su kammala, kuma nagartattun cikinsu ba za su nemi aikinku ba.

Sharaɗin da zan sa a madadin tara shi ne duk wanda ya dawo daga horo ya koyar da abokan aikinsa cikin wata guda, ya kuma gyara rubutacciyar ƙa'idar aikin da abin ya shafa. Ga manyan kujeru, a sa wa'adin sanarwa na wata uku a takardar ɗaukar aiki tun farko, a yi amfani da watannin wajen miƙa aiki hannu da hannu, magajin yana yi mai tafiya yana dubawa. Ku rabu da mutum lafiya, ku biya shi haƙƙinsa cif. Wanda ya koma Ota zai amsa waya idan na'urar ta ƙi tashi, kuma wasu suna dawowa bayan sun ɗanɗani kuɗin haya da cunkoson Legas, da ilimin da ba ku biya ba.

Game da maganar Hajiya a kan abin da ke zaunar da ƙwararre, na yarda da ita, zan ma ƙara da cewa buri yana riƙe mutane. A 2014 kamfanoni huɗu na ƙasar nan, Swipha da Evans da May & Baker da Chi, suka samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kyakkyawan tsarin sarrafawa, a 2023 kuma Swipha ya samu amincewar hukumar a kan ƙwayar zinc ta yara. Aiki irin wannan yana ɗaukar shekaru, kuma wanda aka sa a cikinsa yakan so ya ga ƙarshensa domin zai shiga tarihin aikinsa. Ba lallai ku fara daga nan ba. Ku zaɓi magani ɗaya daga cikin naku, ku sa wa kanku wa'adin kai shi matsayin da zai iya shiga tayin manyan masu saye, ku damƙa aikin ga matasan da kuke tsoron tafiyarsu, da kasafin kuɗinsa a rubuce da sunan wanda zai jagoranta. Ka kai wannan zaman shugabannin tare da lissafin da Alhaji Akanta ya ce ka yi.